RUBUTUN MAKO: "Ina Iskar Za Ta Je?"

 

Bari mu fara da wani laifi da muka yi tarayya a cikinsa. Da wuya ka karanta shafi ashirin na labaran da muke rubutawa ba ka ci karo da mota ba. Alhaji ya fito daga Marsandi, saurayi ya faka Range Rover a ƙofar gidan su budurwa, Hajiya ta miƙa wa direba makulli. Sunayen duk mun haddace, amma ba mu taɓa ɗaga bonet ba. Mota a wurinmu ado ce kawai, kamar shadda ko agogo. Ra'ayinmu shi ne wannan ragwanci ne, kuma akwai masu asarar kuɗi saboda shi. Domin kada maganar ta tsaya a baki, za mu ɗauki matsala ɗaya ta inji, mu gwada ko Hausa za ta iya ɗaukarta.

Kwanakin baya muna hanyar Kano zuwa Daura, fanbel ɗin motar da muka shiga ya tsinke a Sandamu. Muka samu benci a wani gareji na bakin titi muna jira. Sai ga wani matashi da Marsandi C200 tokumbo, irin mai rubutun Kompressor a baya. Ya zaro waya yana nuna wa maigarejin bidiyo.

"Oga, so nake idan na ɗaga ƙafa daga totur ta riƙa yin wannan tsakin, fiishh. An ce wani bawul ake toshewa, a buɗe wani ya riƙa hurawa waje. Sannan a rage mini girman fuli ta ƙara gudu."

Dattijon ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ɗana, wannan da kake nuna mini tarbo ce. Taka bel ke jan ta. In na toshe nan, ina iskar za ta je?"

Matashin bai da amsa. Mu ma da muke zaune da littattafai a jaka ba mu da ita. Wannan tambaya ita ta sa muka yi kwanaki muna bibiya, ga kuma abin da muka fahimta.

Injin fetur abu biyu yake ci: iska da mai. Domin mai ya ƙone tas, kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, iskar ce ke da wuya, domin fiston iya abin da zai zuƙo ke nan. Saboda haka aka ƙirƙiro famfon da zai riƙa cusa wa inji iska da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san dabarar: gawayin bai canja ba, amma da yaro ya kama zugazugi sai wuta ta yi jawur.

Famfon iri biyu ne. Tarbo hayaƙin salansa ke juya ta, kuma wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Sufacaja kuwa bel ke jan ta daga jikin injin. Irin da ta fi yawa a motoci ana kiranta Roots, sunan wasu 'yan uwa biyu na garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, waɗanda suka yi rajistarta a 1860. Da farko ma ba don mota aka yi ta ba, don hura wutar narka ƙarfe ne, wato zugazugi ce ta gaske. Kamfanin Marsandi ya nuna motocinsa masu irin wannan famfo a bajekolin Balin a 1921, kuma Kompressor ɗin da ake rubutawa a bayan mota sunan famfon ne da Jamusanci.

Ga halin Roots da ya kamata a riƙe: tamkar mai awo ce da mudu. Duk juyi ɗaya, mudu ɗaya na iska take turawa. Ba ruwanta da ko inji yana so ko ba ya so. Muddin inji na juyawa, bel na jan ta, tana turawa. Tarbo kuwa da ka ɗaga ƙafa hayaƙi ya ragu, sai ta fara lafawa da kanta. Wannan bambancin shi dattijon yake nufi.

Totur ɗin da muke takawa kuma wani ɗan faifan ƙarfe yake buɗewa a cikin bututun iska. Mu kira shi ƙofar totur. Ka taka ta buɗe, ka ɗaga ƙafa ta rufe. Tambayar ita ce a ina aka sa ƙofar: kafin iska ta shiga famfo, ko bayan ta fito?

Idan kafin famfo take, kamar yadda aka yi wa Jaguar XJR da Range Rover da Mini Cooper S masu sufacaja, rufe ƙofa yana hana famfon samun abin da zai tura. Babu iskar da za ta taru, balle ta fasa wani abu. Duk da haka ana sa wani ƙaramin bawul da ke haɗa bakin famfon da bayansa, yana buɗewa idan ba a taka mota sosai ba, domin famfon ya riƙa juyawa a sake, kada ya yi zafi ko ya ja mai a banza. A irin wannan tsari, sa bawul mai hurawa waje ba shi da ma'ana. Babu abin da zai hura. In ma ya buɗe lokacin da inji ke zuƙa, iska zai shigo da ita wadda ba ta bi ta matata ba. Ka tuna ƙurar hunturu a ƙasar Daura, ka ƙiyasta abin da za ta yi wa ringi da silinda. Aibin tsarin shi ne idan aka yi dogon bututu tsakanin ƙofa da inji, mota kan yi jinkirin amsa totur, silo kuma ya riƙa hawa da sauka.

Idan kuwa ƙofar tana bayan famfo, kamar a Marsandin matashin nan, mota na amsa ƙafa nan take, domin ƙofar tana dab da inji. Amma duba abin da ke faruwa idan kana gudu ka ɗaga ƙafa. Ƙofa ta rufe, famfo bai daina awo ba. Iska na taruwa tsakaninsu ba ta da mafita. Abin da ya fi rauni shi zai fara sallamawa: tiyo ya fice, ko bel ya riƙa zamewa yana kuka, ko ɗan lagireton da ke sanyaya iskar ya tsage. Shi ya sa kamfanin ya sa bawul ɗin komawa, wanda kwamfutar mota ke sarrafawa, yana mayar da rarar iska bakin famfo ta sake zagayowa. Kuma ba na ɗan lokaci ba ne kamar na tarbo. A silo a buɗe yake, a tafiyar cikin gari ma mafi yawan lokaci a buɗe yake. Sai an taka da gaske yake rufewa.

To me zai hana a hura rarar waje kawai, tunda ita ma mafita ce? Nan ne lissafi ya shigo. A motoci da yawa akwai ma'aunin iska kusa da matata, yana gaya wa kwamfuta yawan iskar da ta shigo, ita kuma ta zuba mai daidai da haka. Idan an riga an auna iska sannan aka zubar da ita waje, kwamfuta ba ta da labari. Za ta zuba mai na mudu goma alhali mudu huɗu ne suka isa inji. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mota ta riƙa mutuwa a mahaɗa, matatar hayaƙin da ke cikin salansa ta lalace. A mai tarbo abin na daƙiƙa ɗaya ne lokacin canja giya. A mai Roots kuwa kusan duk tsawon tafiyar ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa saboda tsaki?

Rage fuli ma da nasa. Ƙaramin fuli yana sa famfo ya fi saurin juyawa, iska ta ƙaru, amma duk iskar da aka matsa zafi take yi. Ƙara da ranar Afrilu a nan, inda zafi kan haura digiri 40, da man galan na bakin titi wanda ba wanda ya san ingancinsa. Mai ya fara kamawa kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, daga nan sai fiston.

Mu yi adalci. Akwai motocin tsere da ke hura rarar iska waje lafiya lau, domin an canja masu kwamfuta, ana auna matsin iska a bakin inji maimakon a matata, kuma an sa bawul mai girman da zai ɗauki abin da famfo ke turawa. Ba mu ce gyara mota don ƙarin ƙarfi haramun ba ne. Abin da muke cewa shi ne a san tsarin kafin a taɓa. Haka kuma bakaniken da ke toshe bawul idan ya lalace ba lallai mugu ba ne. Sau da yawa mai mota ne ba shi da kuɗin sabo, an je Ƙofar Ruwa a Kano an ji farashi an dawo, aka ce "Oga, yi mini dabara." Amma dabarar da ba a faɗa wa mai ita abin da za ta haifar ba, bashi ce da zai biya nan gaba.

Wani zai ce, mu marubutan labari ne, me ya haɗa mu da bawul? Abu uku.

Na farko, ilimin yana nan a garinmu, a kan mutanen da ba sa rubutu. Dattijon nan bai ambaci 14.7 ba, amma ya san iska ba ta ɓacewa, dole ta je wani wuri. Yaransa da ido suke koyo, shekara da shekaru. Matashin kuwa bidiyon Turanci ya gani, ya ji ƙara bai ji bayani ba. Da akwai shafi ɗaya na Hausa da ya warware masa bambancin tarbo da sufacaja, da bai zo da wannan buƙata ba. A Daura yanzu akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, ga kuma kwalejin fasaha ta tarayya. Ɗaliban da ke can za su fito su yi aiki da masu gareji da direbobi, kuma Hausa za su yi da su. Wa zai share masu hanyar kalmomi in ba mu ba?

Na biyu, irin wannan rubutu yana gyara alƙalami. A daftarinmu na farko mun rubuta "ƙofar tana gaban famfo". Muka karanta wa mutum biyu, ɗaya ya fahimci kafin famfo, ɗaya ya fahimci can gaba da shi, wato bayan an wuce shi. A labarin soyayya irin wannan kuskure zai wuce ba a lura ba. A nan kuwa yana juya bayanin gaba ɗaya. Dole muka bi hanyar iska muka ce "kafin ta shiga" da "bayan ta fito". Wanda ya saba da wannan takatsantsan, ko wasiƙar soyayya ya rubuta za a ga bambanci.

Na uku, batun kalmomi. Kada mu zauna a ɗaki muna ƙirƙirar suna ga abin da ya riga ya samu suna. Totur, fulogi, lagireto, salansa, fanbel, duk sun zama Hausa, gareji ne ya ladabtar da su. Sai inda babu suna za mu siffanta abu da aikinsa, kamar bawul ɗin komawa ko ma'aunin iska, sannan mu koma mu karanta wa bakanike. In ya gyaɗa kai, kalmar ta zauna. In ya ce "me ke nan?", a sake lale.

Ba mu san yadda matashin ya ƙare ba. Fanbel ɗinmu ya ɗauru, direba ya yi hon, muka bar shi yana cewa zai gwada wani garejin a Kano. Mai yiwuwa ya samu wanda zai yi masa ba tare da ya tambaye shi komai ba.

Aikin wannan mako: kowa ya je wurin mai sana'a ɗaya a unguwarsu, bakanike ko mai walda ko mai gyaran injin ban ruwa ko mai niƙa. Ka gaishe shi, ka nemi izini, ka tambaye shi abu ɗaya da masu kawo masa aiki ba sa ganewa. Ka rubuta bayanin cikin kalmomi 300, ka koma ka karanta masa, ka gyara inda ya ce ba haka ba ne. Sannan ka kawo mana nan, tare da jimlar da ya gyara maka.

Allah Ya yi mana jagora, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mun ji daga gare ku.