Ƙwallon lambu: a raɗa wa tsuntsayen sunan Hausa

A ganina, ba tsadar sanduna kaɗai ke nisanta Bahaushe da ƙwallon lambu ba, har da kalmomin wasan. Cikakken fili na da rami 18, kowane rami da adadin bugun da aka ƙayyade masa, galibi 3, 4 ko 5. Wanda ya jefa ƙwallo rami da ragin bugu ɗaya, sai a ce ya yi "bardi", wato ɗan tsuntsu. In ragin biyu ne, "igil", wato gaggafa. In ya zarce da ɗaya, "bogi". Mai ƙarancin bugu ke lashe gasa.

Faransawa ma daga Ingilishi suka ari kalmomin nan, mu kuma a Nijar muna aron abin aro.

Ƴan jarida, ku dubi ƙwallon ƙafa. Da satar gida da bugun kusurwa, tsoho a Maraɗi na bin wasa ta rediyo sarai. Me zai hana ku ce ƙa'ida, tsuntsu, gaggafa da zarce? Yaron da ya gane lissafin wasa, shi ke sha'awar riƙa sandarsa wata rana.