Shamiyana, Kanofi da Rumfarmu ta Gado

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san wata ƙatuwar rumfar yadi mai launi iri-iri da ake kafawa a wurin biki, a jera kujeru a ƙarƙashinta. Sunanta a can shamiyana. Daga Farisanci kalmar ta shiga Urdu da Hindi, kuma sarakunan Mugal sun riƙa kafa ta a fada da sansanin yaƙi. Samanta shimfiɗaɗɗe ne, sanduna da igiyoyi ke riƙe ta, gefenta kuwa akan bar shi a buɗe don shan iska. Har gobe Indiyawa na hayar ta don ɗaurin aure da taron siyasa da zaman makoki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, Turawan Ingila sun mulki Indiya har zuwa 1947, amma ba su raba mutanen da kalmarsu ba. Su ne ma suka ara. Tana cikin ƙamusun Hobson-Jobson na 1886, wanda ya tattara kalmomin Indiya da suka shiga bakin Turawa. Haka suka ari kalmar darbar, wato zaman fada, suka kawo mana ita Arewa. Lugga kansa, wanda ya yi hedikwata a Zungeru nan jihar Neja, a Madaras ta Indiya aka haife shi a 1858. Yau muna cewa hawan daba kamar da shi muka tashi.

To, mai karatu, mu dawo gida. Ka zaga Bosso ko Tunga ko Limawa ranar Asabar, za ka tarar da irin wannan rumfa an kafa ta a ƙofar gidan biki, ƙafafunta na ƙarfe, samanta na tamfol. Ka tambayi sunanta, yaro da babba za su ce maka kanofi. Ko mai bayar da hayarta haka yake rubutawa a allonsa.

Ba aro nake ƙi ba. Harshe mai rai dole ya ara. Laima daga Larabci muka samo ta, inda take nufin ɗakin yadi, muka mayar da ita abin kare rana da ruwa. Tanti daga Turanci ya zo, ya zauna daram. Amma ana aro ne idan babu a gida. Muna da rumfa, wadda kakanninmu suka yi da zana da kara, muna da alfarwa. Me kanofi ya faɗa wanda waɗannan ba su faɗa ba?

Wani zai ce ai rumfa ta kasuwa ce, kanofi kuwa na zamani ne. Sai in ce, shamiyanar yau ma da yadin masana'anta da bututun ƙarfe ake yin ta, amma sunan bai sauya ba. Mu ma da muka koma gini da bulo da kwano, ba mu daina kiran ɗaki ɗaki ba.

A ganina lamarin ya fi nauyi a Minna. Nan Hausa ce ke haɗa Bagwari da Banufe da Bayarabe da Ibo a Kasuwar Kure. Abin da suka ji a bakinmu shi za su riƙe a matsayin Hausa. Idan ba mu furta alfarwa ba, a ina 'ya'yansu, da namu ma, za su ji ta?

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa da mu fara da kanmu. A takardar gayyata, da sanarwar rediyo, da rubutunmu, mu ce rumfar biki ko alfarwa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.