ZANCEN GIDA: Ranar Tashi da Masu Ɗaukar Kaya

Daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, gidaje da yawa na masu bi sukan ɗaure kaya. Wani fasto ne da majalisa ta yi wa canji, wani ma'aikacin gwamnati ne da aka tura wata jiha, wani kuwa kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma wanda Allah ya taimaka ya rufe ɗan gininsa bayan shekara da shekaru yana tara bulo. Dukansu rana ɗaya ce take jiransu, wato ranar da abin da suka tara duka zai fita ƙofa a kan waɗansu mutane da ba su taɓa gani ba. A kan wannan rana za mu yi zance a watan nan.

Ba tashin gudun rai muke nufi ba. 'Yan'uwan da suka bar gidajensu a Kaduna cikin Fabrairu 2000 da Nuwamba 2002, ko a Jos cikin Satumba 2001, da abin da hannu ya iya ɗauka suka fita, ba wanda ya tsaya ƙirga cokali. Muna maganar iyalin da suka san ranar tashinsu tun da sauran lokaci.

A dā tashi aikin gayya ne. Sakataren ekklesiya ya yi sanarwa ran Lahadi, ran Asabar samari su zo su ɗaga gado da kabad, Zumuntar Mata su naɗe kwanoni cikin tsofaffin zannuwa, wani dattijo mai a-kori-kura ya ba da motarsa a zuba mai kawai. Kayan ma ba su taka kara sun karya ba: akwatin ƙarfe, turmi, keken ɗinki, rediyo, da buhunan hatsi. Yau gidan malamin makaranta ma yana da firji, da talabijin, da janareto, da tukunyar gas, da kujerun da sai an karkata su kafin su wuce ƙofa. Samarin suna makaranta ko wurin neman abinci. Sabon gidan kuma wataƙila a hawa na 3 yake a Kubwa ko Mararaba. Saboda haka yawancinmu sai mu nemi waɗanda ɗaukar kaya ce sana'arsu.

Iri biyu ne. Akwai na tasha, inda ɗan kamasho zai haɗa ka da direban kanta ko babbar mota, ka ɗauki 'yan dako huɗu ko biyar a bakin kasuwa. Akwai kuma kamfanoni a manyan birane kamar Abuja da Legas, waɗanda za su zo da kwalayensu da ma'aikatansu, su ɗaure, su loda, su kai, su sauke. Na biyun sun fi tsada nesa ba kusa ba, yawancin masu karatunmu kuwa na tasha za su nema. Abin da za mu faɗa ya shafi duka biyu.

Mun ji waɗansu dattawa suna cewa biyan baƙi su kwashe kayan mai bi alama ce ta mutuwar zumunta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama iyalin da suka tashi ba wanda ya leƙo daga ekklesiya, lalle akwai abin dubawa. Amma ɗaukar kaya aiki ne mai gwaninta, Littafi Mai Tsarki ma bai raina shi ba. A Littafin Ƙidaya sura 4 an ƙidaya Lawiyawa 8,580, masu shekara 30 zuwa 50, aka ba su aikin ɗaukar alfarwa ta sujada duk sa'ad da jama'a suka tashi. An raba musu aikin gida gida. Zuriyar Gershon suna ɗaukar labule da murfi, zuriyar Merari katakai da ginshiƙai, zuriyar Kohat kuwa kayayyaki masu tsarki. A sura 7 aka kawo karusai 6 da shanu 12, aka ba Gershon karusai 2, Merari 4 domin nasu ya fi nauyi, Kohat kuwa ko ɗaya, gama nasu a kafaɗa ake ɗauka. Har ma Haruna da 'ya'yansa ne suke fara naɗe kayayyaki masu tsarki da hannunsu kafin masu ɗauka su shigo. Uwargidan da ta taɓa ganin ɗan ƙungiyar matasa mai kyakkyawar niyya ya kwantar mata da firji a ƙarƙashin buhun masara, za ta gane amfanin wannan tsari. Bari 'yan'uwa su zo su taya naɗi, su kawo abinci, su yi addu'ar sallama. Ɗaga nauyi da ɗaurin igiya a bar wa masu shi.

To, inda wahala take shi ne bayan an sauke. Kwana biyu ko uku, uwargida ta nemi dutsen guga ba ta gani ba. Maigida ya nemi ƙaramar rediyonsa. Nan da nan sai a ce, ai yaron nan mai jar hula ne, tun da ya shigo idonsa yake yawo. Maigida ya koma tasha da fushi, a tara mutane, wani lokaci har a kai ga 'yan sanda. Bayan mako biyu sai ga dutsen guga cikin buhun tsummoki inda wata 'yar gidan ta cusa shi. Wa zai koma tasha ya wanke yaron? Da wuya a sami mai komawa. Shi kuwa ɗan dako ba shi da jari sai ƙarfinsa da sunansa. Yawancinsu 'yan ci-rani ne da suka baro ƙauye bayan girbi, da yawa kuma Musulmi ne, wataƙila wannan ce rana ta fari da suka taka cikin gidan Kirista har ɗakin kwana. Sun ga Littafi a kan tebur, sun ga ayar da aka rataye a bango, sa'an nan aka kira su ɓarayi ba shaida. Hausawa sun ce zato zunubi. Ba mu ce ba a sata ba. Akan yi, akwai ma direban da zai tsaya a hanya ya rage buhu. Amma iyalin da ba su san yawan kayansu ba, ba su da hanyar rarrabe sata da mantuwa.

Maganin wannan yana cikin Littafin Ezra sura 8, ya kamata kowane iyali su karanta ta a sujadar gida kafin su tashi. Ezra zai kai dukiyar Haikali daga Babila zuwa Urushalima, tafiyar wata 4. A bakin kogin Ahawa ya keɓe mutum 12 daga cikin manyan firistoci, ya auna musu azurfa da zinariya da kwanoni a hannunsu, azurfa kaɗai talanti 650. Da suka isa Urushalima suka huta kwana 3, a rana ta 4 aka sāke aunawa a gaban waɗansu mutane dabam, aka ƙirga, aka rubuta. Sai mu lura, waɗannan firistoci ne, ba 'yan tasha ba, Ezra kuwa ya amince da su. Duk da haka ya auna. Awon nan ya tsare dukiyar, ya kuma tsare mutuncin masu ɗauka, gama ba wanda zai tashi bayan shekara ya ce kwano ɗaya ya ɓace a hannun wane.

Mu ma abin da ya kamace mu ke nan, ba ya kuwa bukatar kome sai littafin rubutu irin na 'yan makaranta da alƙalami mai kauri. Kowane kwali, kowane buhu, kowace jaka a rufe ta, a ɗaure, a rubuta mata lamba a jiki. A cikin littafin a sa lambar da abin da yake ciki a taƙaice. Manyan kaya kamar gado da firji da keken ɗinki su ma a ba su lamba, in akwai tsohon tabo ko tsaguwa a jikinsu a nuna wa direba tun kafin a ɗaga, a ɗauki hoto da waya. Wannan aiki ya dace da yaro ɗan aji 5 ko 6 na firamare. Mun ga yadda yara suke jin daɗinsa, sun kuwa fi iyayensu tsanani a kai. Ya tsaya a bakin mota yana kiran lamba yana sa alama. In an gama, a faɗa wa direba jimla a gaban 'yan dako, a ce kaya 64 ne, ya duba ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala, shi ma a ba shi nasa kofe. Direban kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ƙi a ƙirga, gara a rabu da shi tun kaya suna ƙasa.

Akwai abin da ba a sa wa lamba domin ba ya shiga motar ko kaɗan: kuɗi, da takardun fili, da takardun shaidar karatu, da takardar aure da ta baftisma, da magungunan da wani yake sha kullum, da 'yan kunne da sarƙar uwargida. Waɗannan na kafaɗa ne, irin na zuriyar Kohat. Barin kuɗi cikin aljihun kabad a gaban mutumin da bai karya kumallo ba, sa shi cikin gwaji ne. A cikin jakar hannun nan a sa rasit na talabijin da janareto da babur, gama a shingen hanya akan tambaya. A sa kuma takardun makarantar yara. Mu da muke koyarwa mun gaji da karɓar yaro a tsakiyar zango ba sakamakon jarrabawa ba takardar canji, uban yana cewa suna cikin wani kwali.

Sai maganar jinga. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, saboda haka kowa yana neman sauƙi, amma araha ba ta ado. A yi jinga dalla dalla a gaban shaida. Kuɗin da aka faɗa, har da 'yan dako ne ko ban da su? Masu lodi ne za su bi motar su sauke, ko za a nemi waɗansu a can? Wa zai biya la'adar ɗan kamasho da abin da ake karɓa a hanya? An san da hawa bene? In madubi ya fashe, a wuyan wa? Kamfani in ya ce kaya suna da inshora, a nemi ganin haka a rubuce. A ba da kafin alƙalami, sauran sai an sauke. A rubuta lambar motar, a kuma san ofishin ƙungiyar direbobi na tashar da ta fito. A duba tamfol da igiya da ido. Wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da sassauƙan ɗauri yake jawowa. A juye man janareto, a rufe tukunyar gas a tsai da ita, firji ma a tsaye, in an isa kuma a bar shi ya huta waɗansu awoyi kafin a sa masa wuta. Mutum ɗaya babba ya zauna gaba tare da direba. Yara kuwa kada a ɗora su bisa kaya don ragin kuɗin mota, ko da direba ya ce ba kome.

Ranar kanta, a tuna masu aikin nan mutane ne. Mu ba ma tashi ran Lahadi, to, kada mu sa wa Musulmi lodi da tsakar ranar Jumma'a. In lokacin azuminsu ne a fara da sassafe. In lokacin salla ya yi, a ba su ruwa da wuri mai tsabta ba tare da ɓata fuska ba. A ajiye ruwan sha mai yawa, a dafa abin da zai kai kowa. Yaranmu su ce musu sannu da aiki, su kira babba Baba ko Malam, kada mu ji “kai, mai dako” daga bakin ɗan shekara 10. Batun lada kuwa Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, Yakubu 5:4 kuma ya yi kashedi mai zafi ga masu danne shi. Akwai wata ɗabi'a da muke gani har a gidajen dattawan ekklesiya: an yi jinga da safe, da yamma an ga kaya sun shiga ɗaki, sai a fara neman dalilin ragi, wai an kuje ƙafar kujera. Wannan danne lada ne. A tanadi kuɗinsu tun jiya, da canji, domin kada a tsai da gajiyayyun mutane ana neman inda za a cire kuɗi da dare. In sun yi aiki da kyau a ƙara musu na goro.

Amma kafin a biya, sai a yi awo na biyu. Kome dare, kome gajiya, yaron nan mai littafi ya tsaya a ƙofar sabon gida, a kira lamba ɗaya ɗaya. In 64 sun cika, maigida ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji cewa kaya sun cika, ya sa hannu a takardar direba, ya sallame su. Daga nan abin da aka nema aka rasa, a neme shi cikin gida. In kuwa 63 aka samu, littafin zai nuna wace lamba ce da abin da yake cikinta, a duba motar tare, a buga waya tsohon gida a leƙa bayan ƙofa, sa'an nan in ta kama a je ofishin ƙungiya da takarda a hannu.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba abin da ake bari a baya: bashin wuta da na ruwa, da mai kanti na unguwa, da takardar sallama daga ekklesiya.