Sarƙar Taya: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Mu da muka taso inda sanyi bai wuce hunturu da hazo ba, wahalar tuƙi da muka sani ita ce rairayi da taɓo da ramuka. Amma yau karatu da neman abinci sun kai wasunmu Faransa, musamman 'yan uwanmu na Nijar, garuruwa irin su Lyon da Grenoble, inda 'yar gajeriyar tafiya ke kai mutum cikin duwatsun Alps. Can dusar ƙanƙara kan rufe hanya, taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya, birki ya daina jin magana. Tsohon maganin wannan shi ne sarƙar da ake ɗaura wa taya, wadda wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ya yi wa rajista tun 1904. Ra'ayinmu a kai shi ne: mota ce ke zaɓar sarƙarta, kuma a ƙofar gida ake gama wannan zaɓi.

Tun daga 2021, dokar Faransa ta ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a garuruwan duwatsun da aka ayyana, dole ƙaramar mota ta sa tayoyin sanyi huɗu, ko ta ɗauki sarƙa ko safar taya wadda za ta ishi aƙalla tayoyi biyu masu jan motar. Nan muke yin kuskure. Sai mu shiga kanti mu ɗauki mafi araha, mu jefa a but don mu nuna wa jandarma. To, inda aka kafa alamar nan shuɗiya mai hoton taya da sarƙa, idan ƙanƙara ta rufe hanya, ɗaurawa ake yi. A lokacin ne araha ke nuna halinta.

Abu na farko, mu durƙusa mu karanta gefen tayarmu. Za mu ga lamba kamar 205/55 R16. Wato faɗin tayar milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, ƙarfen wili kuma inci 16. Kowane kwalin sarƙa yana ɗauke da jerin lambobin da ya dace da su. In tamu ba ta ciki, mu ajiye, ko da mai kanti ya ce za ta shiga.

Na biyu, mu buɗe littafin da kamfani ya haɗo da motar. Motocin zamani da yawa ba su da sarari sosai tsakanin taya da jikin mota. Shi ya sa ake yin sarƙa mai kaurin milimita 7 da 9 da 12. Mai kauri a matsattsen wuri tana iya dukan bututun birki ko ta tsinke wayar ABS, a kan gangara, da iyali a cikin mota. Wasu kamfanonin ma sun hana sa sarƙa a kan wasu tayoyin baki ɗaya. Littafin ne kuma zai faɗa mana inda za mu ɗaura: motar da tayoyin gaba ke janta a gaba, wadda na baya ke tura ta a baya.

Wani zai ce me ya kai mu wannan wahala, ga safar taya ta yadi, mai sauƙin sawa, wadda doka ta yarda da ita? Gaskiya ne, kuma ga motar da ba ta da sarari ko wanda sau ɗaya yake hawa dutse a shekara, zaɓi ne mai kyau. Sai dai safa tana saurin yagewa a kan kwalta, kuma a kan ƙanƙara mai tauri ba ta kama ƙasa kamar ƙarfe. Mai yawan bin hanyar dutse ya nemi sarƙa.

Na ƙarshe shi ne wanda muka fi rainawa: gwaji. Ranar da muka saya, mu ɗaura ta a busasshen wuri da rana tsaka, mu cire, mu sake. Wanda bai taɓa warware sarƙa ba, ba zai koya da daddare a gefen hanya ba, yatsu sun sandare, motoci na wucewa ta bayansa. Mu haɗa ta da safar hannu da tocila. Bayan ɗaurawa, a yi 'yar tafiya kaɗan a tsaya a ƙara tamke ta, kada a wuce kilomita 50 a awa, kuma da an fito kwalta tsura a cire.

Kowa cikinmu yana da ƙane ko aboki da zai yi sanyinsa na farko a can bana. Mu tambaye shi lambar tayarsa. In ya yi shiru, bai shirya hawa dutse ba.

Allah Ya tsare hanya.