Sadakar da Ke Juyawa Inda Kwalta ta Ƙare

Duk wanda ya san Kwangila ya san nan ce mahaɗar hanyoyin Zariya: ta Kano, ta Kaduna, da wadda ta ratsa Samaru da Shika ta nufi Giwa da Funtuwa. Ya kuma san nan ne ɗaya daga cikin wuraren da sadakar garin nan take sauka. Ranar Juma'a ko cikin azumi, mota za ta tsaya gindin gada, a sauke gilashi, a miƙo ƙullin abinci ko 'yan canji, mabarata su yi caa, wani lokaci har da ɗaukar hoto. Ba ni da ja a kan ladan mai bayarwa, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Inda nake da ja shi ne hanyar da alherin namu yake bi. Kwalta yake bi, inda ta ƙare nan yake juyawa, alhali buƙata mafi tsanani tana can gaba, a rugage da tungaye da ƙauyukan da in damina ta kankama sai babur ko ƙafa, wasu ma sai rafi ya janye.

Abin da nisa yake ɓoyewa, Zamfara ta nuna mana shi a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, mutane suna niƙa duwatsun zinare a cikin gidajensu, ƙurar kuwa cike take da gubar dalma. Yara suka yi ta suma suna mutuwa, ana binnewa ana cewa ƙaddara. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka ankara, su ma don suna zagayen bin diddigin sanƙarau ne a yankin. Kimanin yara 400 suka rasu. Yaran nan ba su taɓa zuwa bakin wata gada sun miƙa hannu ba, ballantana mai mota ya gan su. Ko bayan an gano musibar, garin Bagega ya zauna cikin gubarsa har farkon 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar, shi ma sai da matasa suka yi ta kururuwa a intanet. MSF kuwa ba ta miƙa aikin jinyar yaran ga hukuma ba sai 2022. Shekara goma sha biyu ke nan a aiki ɗaya. A cikin attajiranmu masu rabon atamfa da shinkafa, wa ya taɓa riƙe ƙauye ɗaya na rabin wannan lokacin?

Za a ce ai waɗanda ke Kwangila su ma mabuƙata ne, kuma na kusa ya fi cancanta. Gaskiya ne mabuƙata ne. Sai dai a tambaye su daga ina suke. Da yawansu, musamman matan da ke goye da yara, mutanen karkara ne da 'yan bindiga ko yunwa suka koro. Wanda ya iso gari shi ne mai sauran ƙarfi da kuɗin mota; tsohuwa da mai jego da yaron da tamowa ta kama suna can inda aka baro su. Batun fifita na kusa kuma, malamanmu na Malikiyya ba su bar shi a dunƙule ba. Sun ce zakka ana raba ta a inda ta wajaba ko kusa da nan, amma idan akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri, to akasarinta can ake kaiwa. Kuma ina ma dukiyar ta fito? Masarar da ake lodawa a kasuwar Giwa, raken Maƙarfi, shanun da ake yankawa a mayankar gari, nonon da matan Fulani ke shigowa da shi da sassafe, duk daga inda kwalta ba ta kai ba suke. Riba ta taru a birni, zakkarta ta ƙare a birni, ƙauyen da ya yi gumin ya tashi a tutar babu.

Kai kayan ma ba shi ne ƙarshen magana ba, don buhun shinkafar da aka kai ruga sau ɗaya a shekara kwana nawa zai yi? Darasin da ya fi kowanne shi ne na kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu wannan cuta fiye da 650,000 a Najeriya, kusan dukkansu a ƙauyukan da ke shan ruwan kududdufi. Cuta ce da ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Da me aka kashe ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da 'yan sa-kai da aka zaɓa daga cikin mutanen kowane ƙauye, waɗanda suka san gidan kowa kuma ake jin maganarsu. Cibiyar Carter ta Amurka ta sa kuɗi da ƙwarewa, Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, ya bi ƙauyuka yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa ruwa. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Najeriya rabuwa da ita a 2013. Kuɗin daga waje ya zo, amma hannun da ya yi aikin na 'yan ƙauyen ne.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su zo Sakkwato ko Wurno su tsaya a ƙofar gida ba. Ta naɗa jajoji, wato malamai mata, daga cikin dattijan matan karkarar, ta sa musu malfa alamar izini, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da matan garuruwansu, waɗanda ake kira 'yan taru. Kwatanta wannan da makarantun 'ya'yan makiyaya. Tun 1989 aka kafa hukumarsu, hedikwatarta tana Kaduna, niyya mai kyau. Amma duk inda aka gina aji aka turo malami daga birni, ba ya jin Fulatanci, ba shi da wurin kwana, albashi kuma sai ya shigo gari, kowa ya san ƙarshen labarin: gini ya zama makwancin awaki. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, wato taimakon da ke raina mai karɓa. A Kanada, coci-coci da gwamnati sun kwashe yaran 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 zuwa makarantun kwana da sunan wayar musu da kai, aka raba su da harshensu da iyayensu, har Fafaroma Francis ya je can ya nemi gafara a 2022. Mai zuwa ruga ko ƙauyen Maguzawa da buhu a hannu ɗaya da sharaɗi a ɗaya hannun, ya kamata ya san wannan tarihin.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ban raina ta ba. Wa zai ɗauki motar kaya ya shiga lungunan Giwa ko Birnin Gwari yana sane da abin da ke dajin? Ana kuma tsoron abin da aka kai ya faɗa hannun ɓarayin daji. Amma wannan hujja ce a kan jerin gwanon motoci da tutoci da 'yan jarida, ba ta taɓa albashin ungozoma 'yar garin ba, ko kuɗin makarantar koyon aikin lafiya ga yaron ruga da zai koma gida, ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Ɓarawon daji yana iya kwashe buhu hamsin, amma me zai yi da rijiya? Masu cewa wannan aikin gwamnati ne su ma sun yi gaskiya, sai dai gwamnati inda ake kallo take zuwa. Mutum nawa a Zariya suka san akwai Tudun Biri a Igabi kafin jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a taron Mauludinsu cikin Disambar 2023? Bayan nan ne manya suka yi ta zarya da alkawura. Ƙungiyar da ta zauna a ƙauye tana da rajistar haihuwa da mutuwa, ita ce ke da bakin tilasta wa hukuma, kamar yadda aka gani a Bagega.

Lokaci ma ba ya jiran mu. Tun farkon 2025 Amurka ta datse yawancin tallafin da take bayarwa a duniya, shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya kuwa dama Borno da Yobe da Adamawa ya fi fuskanta, Arewa maso Yamma tana gefe. MSF ta ce yara 652 suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon 2025, kuma waɗannan su ne aka iya kawowa asibiti. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Sakkwato da Zamfara da Kano, muna da kwamiti kusan a kowane masallacin Juma'a na Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni. Abin da ya dace a nema daga kowannensu shi ne ya faɗi, cikin kowace naira ɗari da ya raba, nawa ta wuce ƙarshen kwalta. Sannan masallaci ɗaya ya ɗauki ƙauye ɗaya ko ruga ɗaya na shekara goma, a zauna da mai unguwa ko arɗo da matan wurin su faɗi abin da suke so da bakinsu, a ware wani shago ko gona a matsayin waƙafi wanda kuɗin hayarsa zai riƙa biyan mai gyaran famfo da malami ɗan wurin ko bayan mai bayarwar ya kwanta dama.