Masu Kiwon Kwaɗin Dafi Su Riƙa Tambayar Asalin Abin da Suke Saya

A watan Janairun 2024, 'yan sanda a filin jirgin saman Bogota, babban birnin Kolombiya, sun kama wata matafiya da kwaɗi 130 cunkushe a 'yan ƙananan robobi, za ta fita da su ƙasar waje. Kwaɗin dafi ne, irin waɗanda mutane a Turai da Amurka ke kiwo a akwatunan gilashi saboda kyan launinsu.

Kiwon kansa ba laifi ba ne, kuma ba shi da haɗarin da ake zato. Dafin waɗannan kwaɗi daga abincin daji yake zuwa, wato tururuwa da wasu ƙananan ƙwari. Wanda aka ƙyanƙyashe a gida, aka raine shi da ƙudajen 'ya'yan itace, ba ya da dafi. Haka abin yake har ga Phyllobates terribilis, kwaɗon nan mai ruwan zinariya da mafarautan ƙabilar Embera ke goga tsinin kibiyoyinsu a bayansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne launi. A tsibiran Bocas del Toro na Panama, jinsi ɗaya ne, Oophaga pumilio, amma a tsibirin Bastimentos ja ne mai ɗigon baƙi, a tsibirin Kolon kore ne mai sirkin rawaya, a wani wurin kuma shuɗi. Kowane launi da mazauninsa, wani lokaci ɗan daji ƙanƙane. Da zarar masu saye sun ƙyalla ido kan launin da ba kowa ke da shi ba, farashi ya tashi, 'yan fasa-ƙwauri sun shiga daji. Ta haka aka kusa ƙarar da kwaɗon Lehmann, mai zane ja da baƙi, a Kolombiya, duk da cewa tun 1987 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa cinikin waɗannan kwaɗi ƙarƙashin izini.

Akwai kuma masu haɗa launuka biyu a akwati ɗaya don su fito da sabo. Wannan ɓarna ce, domin 'ya'yan da aka samu ba sa wakiltar kowane daji, kuma ba su da amfani ga masu ƙoƙarin adana irin.

Halastacciyar hanya tana nan. Wani mai suna Ivan Lozano ya kafa cibiyar Tesoros de Colombia, inda ake hayayyafar kwaɗin, har da na Lehmann, a sayar da takardun hukuma, don a karya kasuwar ɓarayi. Mai kiwo ya nemi takarda da sunan yankin da kakannin kwaɗonsa suka fito kafin ya biya, ya kuma ware wa kowane launi akwatinsa.