Tarkacen sama da idon da ba mu da shi

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari, ko ya ratsa Gagarawa da Sule Tankarkar, zai ga kwanukan dish a kan rufin gidaje da shagunan kallon ƙwallo, kowanne ya kafe yana duban wuri guda a sama. Mai saiti yakan ɗaure shi sau ɗaya, a shekara ba a taɓa shi ba. Dalili kuwa shi ne tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo yana nisan kilomita 35,786 daidai saman layin ikwaita, inda yake kewaya duniya cikin sa'o'i 23 da minti 56, daidai lokacin da ita ma take juyawa sau ɗaya. Yana gudun kimanin kilomita 3 a daƙiƙa, amma ga mai kallo daga ƙasa tamkar a tsaye yake.

Wannan falaki zobe ne guda ɗaya tak, kuma ƙasashen duniya ke rabon gurabensa ta hannun Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU. Nijeriya na da nata gurbin a digiri 42.5 gabas. Can aka kai NigComSat-1, wanda aka harba daga Xichang ta ƙasar Sin a watan Mayun 2007, ya kuma daina aiki a Nuwamban 2008 bayan faifansa na tara hasken rana ya lalace. A Disamban 2011 aka harba NigComSat-1R ya maye gurbinsa, da ƙiyasin zai yi shekara 15 yana aiki. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa. Tambayar da ba kasafai muke yi ba ita ce: idan tauraro ya mutu a can, ina gawarsa ke zuwa?

Ba ta zuwa ko'ina. Taurarin da ke kusa da ƙasa, iska na rage musu gudu sannu a hankali har su faɗo su ƙone. A wancan nisa kuwa babu iskar da za ta yi wannan shara, don haka abin da ya mutu yakan zauna dubban shekaru. Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da yake duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, jan da take yi bai zama daidai a ko'ina ba, sai mataccen tauraro ya riƙa kai da komowa tsakanin gabas da yamma, yana kewaya ɗaya daga wurare biyu: wajen digiri 75 gabas da digiri 105 yamma. Rana da wata su ma suna karkatar da falakinsa har kusan digiri 15, ya riƙa ratsa zoben sau biyu kowace rana. A ce babbar mota ce ta mace a kan titi da daddare ba fitila, sannan ta riƙa gangarawa da kanta tana tsallaka hanya.

Saboda haka ne ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2007 suka nemi a kawar da tauraro daga zoben idan ya tsufa. Abin da aka saba shi ne a rage masa ɗan mai, a ɗaga shi kimanin kilomita 300 sama zuwa abin da masana ke kira maƙabartar taurari. Sai dai wanda ajali ya riska bagatatan ba ya samun wannan sutura. A ranar 19 ga Oktoban 2024 tauraron Intelsat 33e, wanda ke hidima ga sassan Afirka da Turai da Asiya, ya tarwatse a digiri 60 gabas. Rundunar sararin samaniya ta Amurka ta fara da bin gutsattsari kusan 20, daga baya wasu masu sa ido suka ƙirga fiye da haka. Tazarar digiri 17.5 ce kawai tsakaninsa da gurbin Nijeriya, kuma gutsure ba ya sanin iyaka.

Yaya ake bin sawun waɗannan abubuwa? Na'urar rada takan yi rauni a irin wannan nisa, don haka madubin hangen nesa ne babban makami. Ana kafe shi ya dubi wuri guda, a ɗauki hoto. Taurarin Allah, da yake suna matsawa digiri 15 kowace sa'a, sukan fito kamar zane-zanen layi. Abin da ke cikin zoben kuwa yakan fito ɗigo, saboda hasken rana da yake mayarwa. Idan aka auna inda ɗigon yake dare bayan dare, lissafi zai nuna falakinsa da inda zai kasance mako mai zuwa. Da wannan ne mai tauraro ke sanin ko zai kauce. Manyan madubai na Amurka da ke wannan aiki suna New Mexico da Hawai da tsibirin Diego Garcia. Wato dukiyarmu ce a sama, amma da idon wasu muke tsaronta.

A nan ne nake ganin arewacin Jigawa na da abin bayarwa. Gumel na kusan digiri 12 da rabi arewa da ikwaita, don haka zoben yakan bayyana can ƙololuwar sama, ba a gefe ba kamar yadda yake ga Turawa. Ƙasar shimfiɗaɗɗa ce, ba tsauni ba dogayen gine-gine. Damina gajeriya ce, kuma ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa na da duhun daren da masana taurari ke nema ruwa a jallo. Gaskiya ne hazon hunturu zai cinye wasu darare, ƙura kuma ba ta raga wa gilashi. Wannan ma dalili ne na a fara da aunawa: darare nawa ne a shekara sama ke wayewa sarai?

Aikin bai buƙaci roka ba. Matsakaicin madubi, kyamara, kwamfuta, sola da batir, da ɗalibai masu haƙurin kwana a farke sun wadatar a fara. Akwai Kwalejin Ilimi a Gumel, akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya a Dutse. Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. Me zai hana a haɗa hannu a kafa ƙaramar tasha a masarautar Gumel, wadda alƙalumanta za su shiga kundin duniya?

Wani zai ce ana fama da ruwan sha da taki, wa ke ta tarkacen sama? Ƙorafin na da tushe. Amma hasashen damina da manomin gero ke jira yana dogara ne da hotunan taurarin Meteosat da ke cikin wannan zobe, haka ma talabijin ɗin da ke falonsa. Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967, wadda Nijeriya ke cikinta, ta bar kowane tauraro a wuyan ƙasar da ta yi masa rajista, rayayye ko matacce. Ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su tambayi hukumomin da abin ya shafa: wane tanadi aka yi wa NigComSat-1R na ranar ritaya, kuma wa ke duba mana maƙwabtansa kafin ranar ta zo?